Bindigogin da Ka Raba

Port-au-Prince,
19 ga Agusta

Zuwa ga mahaifina abin ƙaunata,

Papa, bayan gaisuwa mai yawa irin ta 'ya da uba, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya hawan jinin? Kana shan maganin a kan lokaci, ko sai an yi ta fama da kai? Ka gaida ƙanwarka Matant Yolande da take ɗawainiya da kai a Orlando, Allah ya saka mata.

Mu kam muna raye. Da biro na rubuta na ɗauki hoton takardar na turo maka, domin sau uku ina kiranka, da na fara magana sai ka ce layin ba kyau.

Gidanmu na unguwar Kafu-Fey ya ƙone. Ranar Talata da hantsi ina wanke wa mahaifiyarka Grann Filomèn ƙafa muka ji harbi. Da farko ban ko ɗago kai ba, shekara biyu muna jinsa, har mun iya bambanta na nesa da na kusa. Sai na hango hayaƙi daga shagon Boss Tilis kafinta, mata suna gangarowa a guje da yara a kafaɗa. Na jawo baron da muke ɗauko gawayi na shimfiɗa bargo, na ce Grann ta shiga. Ka san halinta. Ta ce, "Ni da na haifi ɗan majalisa za a tura a baro kamar buhun gawayi?" Na ce, "Grann, ɗan majalisar yana Orlando. Baron ne a nan." Ta harare ni, ta shiga.

A bakin ƙofa muka yi kiciɓis da shi. Rodnel nake nufi, siririn yaron nan da yake wanke maka mota lokacin kamfen, ɗan Sò Ana mai soya ayaba a mahaɗa. Yanzu Kwamanda Allura ake ce masa, duk tudun nan a hannunsa yake. Ya yi ƙiba, sarƙar zinariya a wuya, bindiga a ƙirji, samari kusan goma a bayansa da jarkokin fetur. Ya cire hula ya ce, "Mis Ketlie, barka da hantsi. Grann, ku bi ta hanyar famfo, yarana ba sa can. Na ba ku minti goma."

Grann ta dube shi daga cikin baro ta ce, "Rodnel? Kai da ka ci shinkafa da wake a tukunyata?"

Ya ce, "Na ci, Grann. Shi ya sa na ba ku minti goma. Maƙwabta ban ba su ko ɗaya ba."

Gaskiya ya faɗa. Mun wuce Boss Tilis a kwance a ƙofar shagonsa, zarto yana hannunsa. Ban tsaya ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekara shida ina aikin nan, na wuce mutum a ƙasa ban tsaya na duba ko yana numfashi ba.

Yanzu muna wata makarantar sakandare a ƙasan gari. Mu arba'in da biyu ne a aji guda, darasin Faransanci na ƙarshe yana nan a allo ba a goge ba. Na haɗa wa Grann benci biyu ta kwanta. Ban fito da komai ba sai maganin sugarta da rigar da take jikina.

Na ji saƙon muryarka, ka ce mu yi haƙuri mu yi addu'a, hukuma za ta ɗauki mataki. Wace hukuma, Papa? Tun da aka kashe shugaban ƙasa ba a sake zaɓen ko mai unguwa ba. Majalisar da ka zauna a ciki akuyoyi ne suke kiwo a harabarta. 'Yan sanda sun zo da motar sulke guda ɗaya bayan kwana biyu, ta mutu a kan tudu, mu da muka rasa gidaje mu ne muka tura musu ita. Masu kwat suna rediyo kullum suna cewa suna sa ido a kan lamarin. To sun gani. Mun ƙone suna kallo.

Tambaya ɗaya nake da ita, ka daure ka amsa. Yaron da bai mallaki takalmi ba lokacin da yake wanke maka mota, a ina ya fara samun bindiga?

Grann tana gaishe ka, ta ce ka rage gishiri.

'Yarka,
Ketlie


Port-au-Prince,
27 ga Satumba

Papa,

Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya kai da Matant Yolande. Na ji an ce ruwa ya yi muku ɓarna a can, Allah ya tsare gaba.

Sati biyar ke nan ba ka amsa tambayata ba. Ka turo hoton coci, ka turo waƙar yabo, ka tambayi ƙafar Grann. Ba komai, na samu amsar a wani wuri.

Sò Ana tana nan makarantar tare da mu. Ɗanta ya ƙone unguwar har da rumfarta. A ƙarƙashin matakala take kwana ita kaɗai, don babu ajin da ya yarda ya karɓe ta. Ranar Alhamis motar ruwa ta zo, muna kan layi, sai Madan Tilis, matar kafintan da aka kashe, ta hango ta. Ta fizge bokitinta ta yi jifa da shi. "Uwar shaiɗan! Ruwa kike so? Je ki ɗanki ya ba ki na fetur!" Kafin a ce me, mata sun yi mata ca, wata ta jefe ta da dutse a goshi. Na kutsa na jawo ta. Ba don ina sonta ba, ni ma a ranar da a ce ba rigar aiki ce a jikina ba, ban san abin da zan yi ba.

Ina ɗinke mata goshi a ofishin shugaban makaranta, inda muka mayar ɗakin magani, ba ta ko yi ƙara ba. Sai da na gama ta ce, "Mis, hannunki da sanyi. Ba ki gado ubanki ba."

Na ce me take nufi. Ta ce, "Au, ba ki sani ba? Ko kin sani kin ajiye?"

Ta ba ni labari. Sati guda kafin zaɓenka na biyu, wata mota ta sauke buhunan shinkafa a garejinmu. Na tuna su, Papa. Shekarata goma sha bakwai, ni nake raba riguna masu hotonka. Na tuna buhu shida da aka jingine daban, ka ce kada kowa ya taɓa, na mutanen coci ne. Na tuna ƙarti biyu suna nishi kafin su ɗaga guda ɗaya, har na yi musu dariya. Sò Ana ta ce a ranar ka tara yara goma sha biyu a garejin, Rodnel ne ƙaraminsu. Da ta ga abin da ya shigo da shi ya ɓoye a ƙarƙashin katifa, ta zo gidanmu ta durƙusa a gabanka. Ka ce mata, "Sò Ana, aikin kwana uku ne. Bayan zaɓe zan karɓe kayana, in sa shi koyon kanikanci."

Ba ka karɓa ba. Ta ce ta sake zuwa sau biyu, mai gadi ya ce kana taro. Daga baya ta gane dalili: akwai wani zaɓen a gaba.

Ni ma na tuna ranar zaɓen. An yi harbi a rumfar ƙuri'a ta gefen kasuwa, inda abokin takararka yake da jama'a, aka tsinci akwatuna a cikin kwata. Da la'asar aka yanka akuya uku a gidanmu, aka kawo makaɗa. Na yi rawa, Papa. Na sa farar rigata na yi rawa har ƙafata ta yi ciwo, ina alfahari ubana mutumin jama'a ne. Ka bar ni na yi rawar nan kana kallo kana tafi.

Na san abin da za ka ce. Kowa ya yi, wanda ka kayar ma yana da nasa yaran, manyan 'yan kasuwa ne suka shigo da kayan ta tashar jiragen ruwa, kai ƙaramin kifi ne. Na yarda ba kai kaɗai ba ne. Amma ni ba 'yar kowa ba ce, 'yarka ce, kuma a garejinmu aka yi. Kun raba wa yara masu jin yunwa bindiga don ku hau kujera, da yaran suka gane ba sa buƙatarku sai kuka hau jirgi. Ka ce mana duba lafiya za ka je, sati biyu. Shekara uku ke nan.

Na dawo da Sò Ana ajinmu, ta kwanta kusa da Grann. Mutane sun yi gunaguni, na ce duk wanda bai so ba ya nemi wata mai yi masa allura. Su biyun suna hira kamar ba abin da ya faru. Ban gaya wa Grann komai ba, ina zaton ta riga ni sani.

Maganin sugarta ya kusa ƙarewa. Asibitin da nake karɓowa an wawashe shi an rufe, hanyar ɗayan kuma akwai shingen 'yan bindiga uku. Ina ta nema.

Ka huta lafiya, in kana iya hutawa.

Ketlie


Port-au-Prince,
12 ga Nuwamba

Mahaifina,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka ta'aziyya. Matant Yolande ta ce tun da ka ji labari ba ka ci abinci ba. Ka ci, kada ciwonka ya tashi. Gawa ɗaya ta ishe ni.

Ka nemi in gaya maka yadda aka yi. Kwana tara Grann ta yi babu magani. Na zaga duk inda ƙafa za ta iya kai ni, wani mai kantin magani har kuka ya yi, ya ce kayansa suna tashar jirgin ruwa wata biyu an hana fitowa da su. Ranar Lahadi da safe ta ce in tsefe mata kai. Ina cikin tsifar ta ce, "Ki ce wa ɗana Anélus ban yi fushi ba, amma na ji kunya." Sò Ana tana riƙe da hannunta. Kafin a kaɗa ƙararrawar coci ta cika.

Kabarin danginmu yana maƙabartar da take hannun Allura, babu mai shiga sai da izininsa. Ina tunanin inda zan kai ta sai ga kiransa a wayata. Ya ce, "Mis Ketlie, na ji rasuwar Grann. Gobe daga tara zuwa sha ɗaya hanya a buɗe take. Uwar ɗan majalisa ce, dole a girmama ta." Na so in zage shi. Na ce na gode. Ka ji inda muka kai: mutum ya ƙone maka gida, ya hana magani wucewa, sannan ka yi masa godiya don ya bar ka ka binne mamacinka.

Mu bakwai muka je. Maza huɗu daga makarantar suka ɗauki akwatin, fadan coci ya ce ƙafarsa tana ciwo, don haka ni na karanta addu'a. Na ga unguwarmu, Papa. Ciyawa ta fito a tsakar titi, karnuka sun yi ƙiba. Bishiyar mangwaron gidanmu ce kawai a tsaye, rabinta baƙi.

Allura yana bakin maƙabarta a kan kujerar roba. Sò Ana ta tsaya a gabansa ta ce, "Rodnel." Ya kalli gefe kamar iska ce ta wuce. Ta sake cewa, "Rodnel, ni ce." Ya ce wa ɗaya daga cikin yaransa, "Ba wa tsohuwar nan ruwa." Da muka fito ya kira ni. Ya shafa bindigar da take kan cinyarsa ya ce, "Ki gaida min mai gida. Ki ce masa wannan sabuwa ce, amma tsofaffin nasa ma har yanzu suna aiki."

Ga saƙonka na isar.

Yanzu maganar takardun da ka ce Matant Yolande ta fara cike mini don in taho. Ku daina. Ba jarumtaka ba ce, tsoro nake ji kullum, akwai ranar da nake shiga bayan gida in yi kuka in wanke fuska in fito. Amma mutum dubu da ɗari uku ne a makarantar nan, ma'aikatan jinya mu biyu ne. Sau tara na karɓi haihuwa a kan teburin shugaban makaranta. In na tafi in zauna kusa da kai muna kallon ƙasarmu a talabijin, wace ce ni?

In kana son yi mini wani abu, ga shi. Akwai wata lauya, Mèt Célidor, tana zuwa duk Laraba da littafinta tana rubuta shaidar mutane: wa aka kashe, a ina, wa ya yi. Na tambaye ta wace kotu za ta kai, alhali kotun ma an kore ta daga gininta. Ta ce, "Mis, kotu za ta dawo wata rana. Ranar da ta dawo ba na so a ce babu wanda ya tuna." Tana da shaidar waɗanda aka harba fiye da ɗari huɗu. Ba ta da ko ɗaya ta wanda ya raba bindiga.

Ka rubuta. Wa ya ba ka, ta ina suka shigo, su wa kuka zauna da su, sunayen yaran goma sha biyu. Ka sa hannu da cikakken sunanka. Ka kuma yarda in karanta a gaban mutanen Kafu-Fey, don su ne masu haƙƙin ji kafin kowane alƙali. In ba za ka iya ba, kada ka sake turo mini waƙar yabo. Zan ci gaba da yi maka addu'a, amma wannan ce takardata ta ƙarshe.

'Yarka,
Ketlie


Port-au-Prince,
3 ga Janairu

Papa abin ƙaunata,

Barka da sabuwar shekara, barka da bikin 'yancin kai. Ina fatan ka shiga lafiya, jiki kuma ya yi sauƙi. Ka gaida Matant Yolande, ka ce na gode da ta kai ka wurin mai hatimi ya buga wa shaidar da ka rubuta.

Shafi goma sha ɗaya sun iso. Na karanta sau uku. Akwai sunayen da na gani sai da na zauna a ƙasa, mutanen da suka ɗauke ni a cinya, wani ma shi ya riƙe ni ranar baftisma, yau yana rediyo yana maganar ceto ƙasa. Na lura a shafi na huɗu ka fara kare kanka, sannan ka soke layin da biro. Na ga sokewar. Mèt Célidor ta adana kwafi a wurare uku, ta ce ka kula da kanka ko a can.

Ranar ɗaya ga wata muka yi miyar kabewa kamar kowace shekara. Kowa ya kawo abin da ya samu, wannan karas biyu, wancan ƙullin taliya, nama kam sai dai a ji labari. Tukunya takwas a filin ƙwallo. Bayan an sha na hau kan benci na karanta, ban tsallake ko kalma ba.

Kada ka zaci an tafa maka. Wani dattijo ya tofa yawu ya tafi. Wani saurayi ya ce a kore ni daga makarantar, jinin ɓarayi ne. Da na zo sunayen yaran, mata uku suka fashe da kuka, don 'ya'yansu ne, kuma takwas daga cikin sha biyun sun mutu. Madan Tilis ta zo har gabana ta ce, "Takarda ba za ta dawo min da miji ba." Na ce haka ne. Ta ce, "Amma yau na san daga inda harsashin ya taso." Ta juya ta ɗebi miya a kwano, ta dangwarar da shi a gaban Sò Ana.

Ni ma ban yafe ba tukuna, gara in faɗa maka gaskiya. Ina sonka, ina fushi da kai, duka biyun suna nan. Allura yana kan tudu, jiya ma an yi harbi. Babu abin da ya gyaru a ƙasar nan.

Sai dai abu ɗaya. Mun gaji da rikicin layin ruwa da rabon abinci, muka ce a zaɓi shugaban kwamitin makaranta. Jiya aka yi. Mutum uku muka tsaya: ni, da wani direban bas mai suna Fénelon, da Madan Tilis. Aka ajiye tukwane uku a bayan allo, kowane baligi aka ba shi ƙwayar wake ɗaya, ya shiga shi kaɗai ya jefa. Akwai masu shekara ashirin da biyar da ba su taɓa jefa ƙuri'a ba a rayuwarsu. Wata yarinya ta sa rigar cocinta, ta fito tana tambaya, "Shi ke nan? Haka ake yi?" Fénelon ya yi ta yawo yana alkawarin zai kawo wutar lantarki, mata suna ce masa, "Kawo sabulu tukuna, shugaban ƙasa!"

Aka zazzage waken a kan tabarma a tsakiyar fili da rana tsaka, aka ƙirga da ƙarfi kowa yana ji. Fénelon casa'in da huɗu. Ni ɗari biyu da sittin. Madan Tilis ɗari uku da goma sha ɗaya. Na san wasu sunanka ne ya hana su jefa mini, ban ga laifinsu ba. Na je na rungume ta, ta ce, "Kada ki ji daɗi, Mis, ɗakin magani yana nan yana jiranki." Ranar Litinin za mu kwashe kaya daga aji biyu yara su koma karatu, ita ta yanke haka.

Na faɗi zaɓe, Papa. Na faɗi da wake hamsin da ɗaya, a gaban kowa, kuma kowa ya koma ajinsa da ƙafafunsa.

Ka rubuto mini. Zan amsa.

Taka har kullum,
Ketlie Valcimond